Lanƙwasar da Talle Ya Manta

Gure, 4 ga Nuwamba, 1956

Zuwa ga Gwaggo Tasalla mai ƙuli-ƙuli, Sabon Gari, Maradi, ta hannun Malam Maliki tsohon soja.

Gwaggo, ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Ina fata kina lafiya ke da mutanen gida, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa tunda damina ta wuce. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar Maradi. Yara arba'in da uku nake koyarwa a lakwal ɗin nan, kowa Mushe Ilyasu yake ce mini kamar yadda ake kiran malaman lakwal, babu mai kirana Talle. Tuwon garin ba laifi, amma ƙulinsu in kika jefi akuya da shi sai ta kai ƙara wurin kumandan.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Shekara uku ke nan ina rubuta labarai da Faransanci, labaran jirgin ƙasa da dusar ƙanƙara da wasu manyan gidaje da ban taɓa gani ba. Wata rana na karanta wa yarana guda, kafin in kai tsakiya biyar sun yi barci. Don in tashe su sai na ba su labarin ranar da rago ya cinye miki tunkuza, kika bi shi da muciya tun daga ƙofar gida har cikin kasuwa. Gwaggo, aka kaɗa ƙararrawar tashi, yaran nan suka ƙi fita. Ran nan na ajiye Faransanci na kama rubutu da Hausa.

Yanzu na yi littafi guda, saura babi na ƙarshe. Abdu direba mai zuwa Kano ya kawo mini takarda cewa masu buga littattafan Hausa a ƙasar Ingilishi, can wajen Kano, suna neman dogayen labarai, amma dole su isa hannunsu kafin ƙarshen Maris. Nawa labarin na tsohon garin Maradi ne, na cikin fadama, da shekarar da Gulbi ya cinye shi aka hau tudu. Akwai wata mace a ciki mai suna Rahmatu, mai tuyar ƙuli. Kada hankalinki ya tashi, macen nan karya ce, amma da ke na kamanta ta, tafiyarta da bakinta da komai.

Kin san lokacin ruwan ina makaranta a Yamai, ban ga komai ba. Don Allah ki faɗa wa Malam Maliki yadda kika fita daga ruwan, ya rubuto mini. Da shi zan rufe littafin.

Da keken rubutu na biro, wato ofishin kumandan, na buga wannan takarda, akawun abokina ne. Keken na Faransa ne, ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai da na bi da alƙalami ina lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya.

Naki,
Talle


Maradi, 2 ga Disamba, 1956

Daga Tasalla zuwa ga Mushe Ilyasu. Ni Maliki nike rubutawa, abin da ta faɗa shi na sa, ba ruwana.

Lafiya lau nike. Gwiwa ta yi sauƙi. Gaisuwa ta ƙare nan.

Takardarka ta iso ran Laraba da hantsi, muna tsakar aikin gyaɗa, mata bakwai cikin gidana. Don murna na ce kowa ta aje taɓarya, a kira Maliki ya karanta mana abin da ɗana mushe ya aiko. Sabuwar tabarma na shimfiɗa mashi. Ya karanta maganar rago, munka yi dariya har da hawaye. Sai ya iso inda ka ce ka sa wata mace cikin littafi, karya ce, kuma da ni ka kamanta ta, tafiyata da bakina da komai. Na ce, Maliki sake karantawa. Ya sake. Na ce, duba da kyau dai. Ya fita da takardar cikin rana, ya sake.

Talle, ni ce karya? Ni ɗiyar ƙanen kakanka ce, ban haife ka ba, babu wanda ya tilasta mani riƙonka. Da uwarka ta rasu, ni na tafi Jiratawa da ƙafata na goyo ka, kana shekara uku, kai duk ƙazwa, ciki ya fi ka girma. Ranar da dogarai sunka zo kamun 'yan lakwal, kowa na ɓoye ɗansa cikin rumbu, ni na wanke ka na shafa maka mai na miƙa, na ce a koya mashi ko ya zama mutum. Ashe abin da anka koya maka ke nan, ka zauna bisa kujera ka buga zagina da keke.

Kafin la'asar magana ta kai kasuwa. Shekaranjiya wata marar kunya ta yi mani haushi ta bayan danga. Na bi ta da muciya ban kama ta ba, kuma gwiwar da na ce ta yi sauƙi ta tashi. Kwana huɗu ban fita da ƙuli ba, ni da ko ranar Sallah ban fashi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka, ban kuma jin kunyar faɗi.

Labarin ruwa kuwa, ka je ka tambayi Gulbi. Kada ka ƙara aiko mani takarda.

Tasalla

Mushe, ni Maliki. Shekara tara na yi cikin soja, ban taɓa neman wurin ɓuya ba sai ran nan. Amma wallahi abin da na gani shi na karanta.


Gure, 26 ga Disamba, 1956

Zuwa ga Gwaggo Tasalla.

Gwaggo, kin hana ni rubutowa, na ƙi ji, ki ƙara wannan cikin laifina. Ina gaishe ki ina durƙushe. Allah ya sa gwiwa ta kwanta. Ni tunda takardarki ta zo abinci bai yi mini daɗi ba.

Na karanta ta sau uku ban gane ba, sai na ɗauko kwafin tawa da na ajiye. Inna lillahi! Malam Maliki, don Allah ɗauko takardata ta farko ka duba. Ka ga ƙuli, ka ga ƙasa, ka ga ƙararrawa, duk na lanƙwasa musu kai da alƙalami. Kalma guda na tsallake a takardar duka, ita ce kuwa ta kashe ni. Ƙarya na so in ce, wadda maƙaryaci ke yi, irin ta mai tatsuniya. Nufina Rahmatu ba mutum ba ce, ni na ƙaga ta, don kada ki ce na kai sirrinki kasuwa. Ba laifinka ba ne, Malam, daidai ka karanta. Wannan da hannuna na rubuta ta, kuma na rabu da keken nan har abada. Ina roƙonka ka tara matan nan bakwai ka nuna musu, har da mai haushi in ta yarda ta zo.

Gwaggo, tunda na jawo wa kaina tonon asiri, bari in faɗi sauran. Sau huɗu na rubuta ƙarshen littafin nan. Na sa Rahmatu ta rungumi turmi ta yi iyo, na sa ta hau rumbu, na sa jirgi ya zo. Duk na yaga. Ko yaran lakwal ba za su yarda da su ba.

Kuma akwai wani mutum da ya hana ni sakat a cikin littafin. Ban gayyace shi ba. Mai sayar da ƙwarya ne, yana zuwa daga ƙauye ran kasuwa, ya zauna ƙofar gidan Rahmatu ba ya shiga, ya ba yaron gidan ɗan goriba ko rake, yaron ya karɓa ya gudu don kada abokansa su gan shi da arne. Sau uku na soke shi, in na juya shafi sai in tarar na sake rubuta shi. Kin san ko wane ne, kin san yaron.

Shekara goma sha ɗaya ina ji ana cewa giya ya sha ya faɗa ruwa. Ban taɓa tambayarki ba, don ina tsoron ki ce haka ne. Yau ina tambaya. Gwaggo, yaya ubana Rabo ya mutu? Ko da yadda ake faɗa ne, ki gaya mini, haka zan rubuta.

Ɗanki mai laifi,
Talle


Gure, 10 ga Fabrairu, 1957

Gwaggo, gaisuwa mai yawa. Lafiyata lau.

Motar gidan waya ta zo sau shida tun takardata, kullum ina tsaye a tasha kafin ta kashe inji, har direban ya fara ba ni haƙuri tun bai sauko ba. Ban sani ba ko takardar ta ɓata, ko Malam Maliki ya ji tsoron karantawa, ko kuwa kin ji kin yi shiru. Saura sati bakwai a rufe karɓar labarai. Na yanke shawara, in ban ji daga gare ki ba, ba zan aika ba. Zan iya ƙaga komai, amma ba zan ƙaga wa ubana mutuwa ba. In littafin ya zauna cikin akwati har gara ta ci shi, ni na jawo.

Ko kalma guda ce ki aiko, in san kin yafe.

Talle


Maradi, 24 ga Fabrairu, 1957

Daga Tasalla zuwa ga ɗana Talle. Maliki ke rubutu.

Muna lafiya, gwiwa ta kwanta. Takardunka biyu duk sun iso. Ta farko Maliki ya zaga da ita unguwa yana nuna wa mutane lanƙwasa kamar mai tallar magani, har waɗanda ba su san baƙi ko guda ba sun leƙa sun ce lalle haka ne. Mai haushi ta zo ta durƙusa. Na yafe maka, sakarai. Mutum ya yi shekara goma sha a makaranta ƙugiya guda ta kayar da shi!

Ba fushi ya sa na daɗe ba. Tambayarka ce ta yi mani nauyi. Sai da na tafi Tsibiri na tsaya bakin kabarin ubanka, sannan na bi gari gida gida ina neman mutane, don ban son in ba ka magana rabi. Yanzu buɗe kunnenka.

Ran kasuwa ne. Rabo ya taho daga Jiratawa da kayan ƙwarya, har da masaki babba guda, wanda mutum biyu ba su rungume shi. Ya tsaya ƙofar gidana ya sha ruwa. Ya sha giya a hanya, na ji warinta, na yi mashi faɗa kamar kullum, ya yi dariya kamar kullum. Da hantsi ruwa ya shigo gari. Kafin mu ɗaure kaya ya kai gwiwa, kafin mu yanke shawara ya kai ƙirji. Katangu suna narkewa kamar fura cikin nono. Ni ban iya iyo ba, turmin da ka sa na runguma shi ya fara tafiya. Na hau katangar zaure ina salati, ina ji tana motsi ƙarƙashina.

Sai ga ubanka bisa ruwa da masakin nan. Kai ba ka san yadda mutanen bakin Gulbi ke haye ruwa ba, don ka ƙi zuwa ƙauye. Ana kifa masaki bisa ruwa, wanda za a ɗauka ya kwanta da ƙirji gefe guda, mai kai shi gefe guda, su kama damtsen juna ta sama, mai kaiwa na tura ruwa da ƙafa. Ya ce, Tasalla sauko. Na ce, tsoro nike ji. Ya ce, bakinki kaɗai ya isa ya kore ruwan nan, sauko. Na sauko. Har yau in na tuna ina jin yatsunsa a damtsena.

Da ya aje ni gindin tudu yana haki, abin da ya fara cewa, ina Talle? Na ce, yana Yamai, hanya ta hana su zuwa hutu. Ya ce, to madalla. Ya juya ya koma.

Ina tsaye ina kallo. Ya kawo Tsahara matar mahauci. Ya kawo wata tsohuwa makauniya. Ya kawo yara biyu lokaci guda, ɗaya bisa wuyansa. Wasu ya aje su nesa da ni, sai yanzu da na bi gari na same su. Da ni, mutum tara. Bayan azahar anka ji wata murya wajen marina, ya ce bari ya duba. Na ce, Rabo ka gaji, huta. Ya ce, yanzu nike dawowa. Masakin munka gani ya wuce shi kaɗai yana juyawa. Bayan kwana biyu mutanen Tsibiri sunka same shi maƙale cikin saiwar itace, sunka rufe shi can.

Da anka hau tudu kowa ya watse, kowa na ta kansa, wanga na neman itacen rufi, wancan na neman ɗansa. Duk wanda ya fitar ya ɗauka shi kaɗai ne. Waɗanda sunka ji warin giya da safe kuwa ba su rasa bakin magana ba, ita ce ta zauna.

Za ka ce don mi ban faɗa maka ba. Ka tuna da ka dawo daga Yamai da gajeren wando da hular kwano, mutane cike da ƙofar gida, wani ya ce, a'a, ga ɗan Rabo ya girma? Ka ce kai ɗan gidan nan ne, babu abin da ya haɗa ka da arnan Jiratawa. Ni ma can anka haife ni, Talle, ka manta? Ran nan na rantse ban ba ka labarin nan sai ka tambaya da bakinka. Ban san zan jira shekara goma ba. Ko a takardarka ta farko ni ka tambaya, ba shi ba.

To ga shi. Giya ya sha, mutane ya fitar. Ka sa duka biyun. In ka cire guda, fushin da na yi kwanan baya wasa ne.

Uwarka,
Tasalla

Mushe, ni Maliki. Kada ka ga rubutun ya karkace wajen ƙarshe, alƙalamin ne ba shi da kyau.


Gure, 21 ga Maris, 1957

Gwaggo, ina gaishe ki, na gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Lafiyata lau, sai dai na rame.

Takardarki ta same ni cikin aji. Na karanta, na fita bayan lakwal na yi kukan da ya kamata in yi tun shekara goma. Da na dawo na ci gaba da darasi.

Ba babin ƙarshe kaɗai na rubuta ba, littafin duka na juya. Duk inda na soke mai ƙwarya na mayar da shi, da dariyarsa da warin giyarsa da rakensa. Yaron nan mai gudu ma na bar shi yadda yake, ban wanke shi ba. Kwana goma sha ɗaya na yi, rubutun na zuwa da kansa, hannuna ne kawai ke gajiya. Ban taɓa jin haka ba a shekarun da na yi ina Faransanci. Na sa wa littafin suna Mai Masaki. Jiya na danƙa wa Abdu direba, na naɗe shi cikin fatar akuya, na ce in motar ta kama wuta shi zai fara fitarwa.

Ki yi mini addu'a.

Talle


Gure, 6 ga Yuli, 1958

Gwaggo, barka da Sallah, ina fata an yi layya lafiya. Ni lafiya lau, yau kam har ta yi yawa.

An buga! Gwaggo, an buga! Kin ga na yi shiru a kan maganar cikin takarduna na baya, don ja-in-ja muke yi da masu bugawa. Tun bara suka rubuto cewa cikin labarai sittin da wani abu nawa suka ɗauka, sun ce ba su taɓa karanta ruwa irin wannan ba. Amma suka nemi in cire giya, wai littafin zai shiga makarantu. Na rubuta musu cewa ina da gwaggo a Maradi wadda ta fi su ban tsoro, in za a cire a dawo mini da kayana. Wata biyar ban ji komai ba, na ce shi ke nan na kashe kaina. Shekaranjiya sai ga Abdu ya shigo lakwal da ƙunshi bisa kai yana guɗa kamar mace. Ba su taɓa ko kalma guda ba.

Ga guda uku nan na aiko. Ɗaya naki, ɗaya na Malam Maliki, ɗaya a kai Jiratawa wurin dangi. Na duba shafi shafi, kowace lanƙwasa tana wurinta. Hutun bana sai Agusta za a sake ni, zan zo, kuma Jiratawa zan fara sauka in kin yarda ki raka ni.

Talle


Maradi, 27 ga Yuli, 1958

Daga Tasalla zuwa ga Talle. Maliki ke rubutu, muryarsa ta dushe amma hannunsa na aiki.

Muna lafiya, damina ta yi kyau, hatsi ya kai ƙugu. Littafi ya iso. Na juya shi gaba da baya, na sansana, ban ga komai ba sai ƙananan baƙaƙe, na ce to a karanta mu ji.

Ran farko cikin gidana munka fara, mu goma sha. Ran na biyu gidan bai ɗauke mu ba, munka fito gindin itacen bedi bakin hanya. Ran na uku, Talle, ban san inda mutane sunka ji ba. Masu jakuna daga Tsibiri, danginmu na Jiratawa da ƙafa, mahauta sun bar nama, har wani akawu na biro ya tsaya da kekensa ya manta inda za shi. Maliki ya hau turmi don a ji shi. Ya sa rigarsa ta soja da lambobinta, wai ranar ta isa haka.

Rahmatun nan taka kuwa kowa ya gane ta tun shafi na biyu. Duk inda ta buɗe baki sai a juyo a dube ni. Ni dai ban ga inda na kai ta masifa ba, amma an ce wai har ka rage. Inda yaron ke karɓar rake ya gudu, wata 'yar Jiratawa ta ce, Allah wadai. Na ce mata, shi ya rubuta da hannunsa, rufe mana baki.

Da anka iso ranar ruwa, kowa ya matso kusa da turmin. Maliki na kiran mutanen da mai masaki ya fitar ɗaya ɗaya. Ka sake masu suna, amma kowa ya san kansa. Na ga ƙaton mutum mai gemu ya rufe fuska da hula, shi ne yaron da ubanka ya ɗauko bisa wuya. Da masaki ya wuce shi kaɗai, Maliki ya kasa ci gaba, ya ce ƙura ta shiga mashi ido. Ya daure ya karanta layin ƙarshe, inda ka ce mutum tara ya fitar.

Sai Malam Idirisa ya miƙe, limamin masallacin unguwarmu, wanda ka sani da farin rawani. Ya ce, jama'a ku ji. Ya ce ran nan yana maƙale da reshen tsamiya bayan masallacin tsohon gari, ya riga ya yi kalmar shahada, mutumin nan ya zo ya ɗauke shi. Ya ce yana jin warin giya a numfashinsa duk tsawon hanya. Shekara goma sha uku ana zagin Rabo gabansa bai taɓa buɗe baki ba, don kunyar a ce arne ya fitar da shi. Ko da na zo gidansa bara ina tambaya, ya ce bai san komai ba. Ya ce, na ci amanar mutumin nan, ku shaida, ni ne na goma. Ya juya wajen danginmu na Jiratawa ya nemi gafara, tsofaffinsu sunka miƙa mashi hannu. Ni kam guɗa na saki, irin wadda ban yi ba tun ina amarya, mata sunka kama.

Muna cikin haka Tsahara matar mahauci ta ture mutane ta fito, ta riƙo ɗiyarta Zuliha, wadda ta kai ta tsawo yanzu. Ta ce, kai Maliki, mai littafin nan bai iya ƙirga ba. Ran da Rabo ya ɗora ni bisa masaki, cikina wata shida. Wagga da kuke gani, a ina take?

Kai, Talle! Da ka ga wurin. Ban taɓa jin daɗi irin na ran nan ba, ko ranar da ka zama mushe. Har yanzu mutane na zuwa yi mani barka kamar na yi haihuwa.

Ka taho cikin Agusta, ni zan kai ka Jiratawa, daga can mu wuce Tsibiri. Liman ya ce da shi za a je, da ƙafa. Amma kafin ka taso ka rubuta wa mutanenka na ƙasar Ingilishi, in za su sake bugawa su gyara shafin ƙarshe. Mutum goma sha ɗaya ubanka ya fitar.

Uwarka,
Tasalla